Filtar Da Ta Shiga A Juye

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan biyu. Yaya aiki, yaya baƙunta? Ciwon bayan nan naka ya sake ka kuwa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na kira ka a waya har yatsana ya gaji, ba ka ɗauka. Direban da ke kawo mana kayan gyara ya ce duk sati yana wucewa ta ƙofar kamfanin da kake aiki, shi ne na ce bari in koma irin ta mutanen da.

Yau wata takwas ke nan da tafiyarka. Gareji na nan yadda ka bar shi. Sifanoninka na rataye a ƙusoshinsu, ban bari kowa ya taɓa ba. Da safe in buɗe, in share, in jawo benci. Mai shayi har yanzu wani lokaci yakan manta ya kawo kofi biyu, sai in shanye duka don kada ya ji kunya. Gida kuwa ka san yadda yake tun rasuwar uwar yara. Ina shiga in yi sallama, in amsa wa kaina.

Maganar mashin ɗin malamin rigakafi, ni a wurina ta wuce. Inji ya buga, an yi faɗa, an yi tsawa a gaban mutane, to sai me? Wane bakanike ne bai taɓa kashe inji ba? Na yafe maka, ka cire abin a ranka.

Ra'ayina dai bai canza ba, kada ka ɗauka kewa ta sa na sauko. In dai maganar tace baƙin mai ake yi, filtar ciki ita ce filta. Tana zaune abinta a cikin inji, murfi ya rufe ta, dutse bai isa ya taɓa ta ba. In ka zaro ta, takardarta za ta gaya maka halin da inji ke ciki, ko ƙarfe yake ci ko datti ne kawai. Ita kuwa taka ta waje, wannan gwangwanin madarar da ake murɗawa a gindin inji, me ka gani a jikinta? Ka kwance, ka jefar, ka murɗa sabuwa, wai kai ka yi kanikanci! Ran nan wani ya zo da tasa a lotse, tsakuwa ta buge ta, baƙin mai na ɗiga tun daga kwanar titi. Na ɗago kai zan ce maka ka gani ko, sai na tuna ba ka nan. Na leƙa na gaya wa tela maƙwabcinmu, ya ce “To, madalla,” ya ci gaba da taka kekensa. Bawan Allahn nan sam bai iya musu ba.

Akwai wata 'yar tambaya, ba wani abu ba ce. An kawo mini mashin irin na malamin rigakafi sak, za a yi masa juyen baƙin mai. Kwana uku ke nan yana jingine. Na ce wa mai shi filta ce ba a samu ba, alhali tana aljihuna. Robar nan da ke bakinta, inji take kallo ko murfi? Na san akwai ɗan rubutu a jikinta, amma rubutun 'yan kamfanin nan kamar ƙafar kiyashi. Ka ba direba amsa in ya biyo.

Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan 'yan biyu. Allah ya tsare.

Ni ne yayanka,
Baban Gareji

*

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida iyali. Da fatan kowa na lafiya, kuma aiki na tafiya yadda ake so.

Saƙonka ya iso. Na buɗe ambulan, na zazzage, na sake zazzagewa ko wata takarda ta maƙale a ciki. Zane ne kawai: filta, murfi, da kibiya mai nuna roba tana kallon murfi. Ko sallama babu. Na ji zafi ƙwarai, har na ce yaron nan da na goya ya rasa kalma ɗaya da zai ba ni. Sai daga baya na lura da alƙalamin da ka yi zanen da shi, mai kaurin nan da ake rubutu a jikin kwali, kuma ka cika takardar baki da baki. Nan na gane. Ashe ka sani.

To bari in faɗa da bakina, tunda kai kunya ta hana ka.

Idona ya fi shekara biyu yana tafiya. Da farko lambar da ke jikin sifana ce ta ɓace mini, daga nan sai ƙananan notina. In ɗaya ya faɗi ƙasa, da tafin hannu nake lalubo shi, ina yi ina surutu don kada a gane. Ka tuna ranar da ka ce, “Yaya, ka bar mini masu filtar ciki, kai ka riƙa yin masu ta waje, ita ba a iya saka ta a juye”? Na yi ta sababi, na ce raini ne, na ce ni na koya maka riƙe sifana. Ashe rufa mini asiri kake yi.

Ranar nan da safe ka kai 'yan biyu asibiti. Malamin rigakafi ya zo a gaggauce, ya jingine mashin ya ce zai je ya ɗauko akwatin sanyinsa na allurai ya dawo, ƙauye biyu na jiran sa. Na ce me zai sa a jira Auta? Na juye mai, na kwance murfi, na zaro tsohuwar filta ba tare da na kula da yadda take zaune ba. Na sa sabuwa roba tana kallon inji, yadda hannuna ya saba shekara talatin. Su kuwa wannan samfurin nasu a akasin haka yake, sun kuma rubuta a jiki, ni ne ban gani ba. Na mayar da murfi, na ɗaure, na goge tas. Daga waje ba wanda zai ce ga abin da aka yi. Gefen da yake a toshe ya tare hanyar mai, inji ya yi ta gudu a bushe.

Sauran ka sani. Ko rabin hanya bai kai ba inji ya buga, akwati ya wuni a rana, allurai suka lalace, mata suka gaji da jira suka kwashi yaransu suka koma gida. Da yamma aka sauke mashin daga bayan mota, malam yana ta faɗa, yana tambayar wa ya yi wannan aiki. Duk layin an san kai ke taɓa sababbin mashina. Ka durƙusa ka kwance murfin, ka duba, ka ɗago ka dube ni. Wallahi a wannan daƙiƙar na gane abin da na yi. Amma sai na ji bakina yana cewa, “Auta, sau nawa zan ce ka riƙa nutsuwa? Shekara ashirin ina koya maka, ashe a banza!” Mai walda na tsaye, mai faci na tsaye. Sai ka wanke hannunka da kananzir, ka tafi gida.

Tsoro ne, Auta. Na ga in aka ce Baban Gareji ba ya gani, shi ke nan tawa ta ƙare, ba ni da wurin zuwa da safe. Na ɗauka za ka yi fushin kwana biyu ka huce. Sannan don rashin ta ido har na rubuto maka wai na yafe maka. Kai, ni ma dai!

Na cuce ka. Ka yafe mini don Allah, don darajar iyayenmu. Ban iya zaman garejin nan ni kaɗai ba.

Mashin ɗin can na gama shi bisa zanenka, mai shi ya ɗauka, lafiya ƙalau yake tafiya. Na gode.

Yayanka mai jiran amsa,
Baban Gareji

*

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka baki ɗaya. Na ji an sa 'yan biyu a makaranta, Allah ya ba da ilimi mai amfani.

Za ka ga rubutu ya canza. Tela ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Shi ya karanta mini taka ma, domin wannan karon da ƙaramin alƙalami ka yi, na juya ta na juya na kasa. Da ya zo inda ka ce, “Yaya, a gaban mutane ka faɗa, a cikin ambulan kake janyewa,” sai ya tsaya yana gyaran murya. Na ce karanta mana, ai gaskiya ya faɗa.

Kwana huɗu ina juya maganar. Ran na biyar na sa rigata mai kyau na tafi ofishin malamin rigakafi. Na ce ya taimaka ya biyo ni gareji, akwai abin da zan nuna masa. Da muka iso na kira mai walda, na kira mai faci da mai shayi, duk wanda ya tsaya a wurin ranar nan. Na ɗauko filta sabuwa na miƙa wa mai faci na ce ya karanta abin da ke jikinta, ya karanta. Na karɓa na kai ta har bakin hancina, na ce to ni ban ga komai ba, kuma ranar ma ban gani ba. Na ce ni na saka ta a juye, Auta yana asibiti da 'ya'yansa, ko taɓa mashin ɗin bai yi ba. Na kai maganar har ƙarshe.

Mai walda ya ce, “Haba Baba!” Iyakar abin da ya ce ke nan, ya koma rumfarsa. Malam kuwa ya ce a rahoton da ya rubuta wa manyansa kai ya ambata, kuma ya gaya wa abokan aikinsa su guje ka. Ya ce zai gyara duka biyun, zai kuma ba direba takarda ya kawo maka da sa hannunsa. Ya ba ni hannu muka gaisa. Washegari aka zo aka kwashe mashinan ofishinsu guda shida da ke wurina aka kai wani gareji. Ban ga laifinsu ba, ko ni ne haka zan yi.

Labari ya zaga layi kafin azahar. Yanzu aiki sai ɗaiɗai: ɗaure kaca, canza birki, sai masu filtar waje. Na yarda, ita ko ido a rufe za ka shafa wa robarta mai, ka murɗa har ta kama. Ka yi dariyarka, na ba ka izini. Masu ta ciki kuwa ina ganin su nake cewa su ƙara gaba.

Na je asibitin ido. Likita ta ce na dama yanar ido ce, za a iya kankarewa. Na hagu kuma na makara. Ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni.

Abin da na ji tsoro ya same ni, kuma ga shi ban mutu ba. Wuni nake a benci ina sauraren mashina suna wucewa, ina gane ciwon kowanne daga kukansa, ba mai tsayawa. Amma ina cin abinci yana wuce mini, abin da na daɗe ban samu ba.

Ba ka ce ka yafe ba, ba ka ce ba ka yafe ba. Ba zan matsa maka ba. Ka samu wuri mai kyau, ana ganin girmanka, yara sun fara sabawa. Ni dai ka riƙa rubuto mini, ko layi biyu ne. Kada ka damu da cewa tela zai ji, ka faɗi duk abin da ke ranka, ba sauran abin da nake ɓoye wa kowa.

Allah ya yi maka albarka, ya raya zuri'a.

Yayanka,
Baban Gareji

Auta, ni ne tela. Sau uku yana cewa in rubuta “ka dawo”, sau uku yana cewa in goge. Na bi umarninsa, ba ta cikin wasiƙarsa. Amma nan ƙasan takardar nawa ne, kuma ba zai gani ba. Ka dawo.