Kasat Na Uku: Zuwa Ga Gidan Radiyon Da Ya Ari Muryar Mahaifina

Zuwa ga Mai girma Darakta,
Gidan radiyon da ya ari kasat ɗinmu, a birnin Maradi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Allah ya ƙara wa aikinku albarka.

Sunana Mariyama, malamar lakol ce, wato makarantar boko, a Gangara, cikin yankin Gazawa. Ban ambaci sunan gidanku ba, don ban fito da niyyar tozarta kowa ba, kuma na san idan takardar nan ta iso teburinka za ka gane da kai ake. Na rubuto a fili ne saboda wasiƙu biyu da na bari a buronka a rufe sun shiga inda kasat ɗinmu suka shiga, babu wanda ya sake jin ɗuriyarsu. Zan jera maganata daki-daki, kamar yadda nake koya wa yara.

Na farko, abin da ke cikin kasat ɗin.

Mahaifina, wanda duk Gangara ke kira Sani Soja, yana cikin waɗanda suka yi yaƙin basasar Najeriya. Kakanninmu daga ƙasar Katsina suka hauro, har yau rabin danginmu na can. A shekarar da yaƙin ya ɓarke, 1967, shi da samari shida na garinmu suna cin rani a can, suka ji ana ɗibar soja, suka shiga. Horon da aka yi musu bai kai tsawon damina ɗaya ba, aka loda su a mota sai kudu.

Baba yana cikin rundunar da ta sauka Asaba, aka ce ta ƙetare kogi ta kama Anacha. Ka dubi mutanen da ruwan da suka sani bai wuce tafkin bayan gari ba, aka zuba su cikin jiragen ruwa ana harbinsu daga wancan gefe. Yakan ce kogin nan shi ne wanda ya ratsa Yamai, amma a can ya yi faɗin da ba ka shaida mutum a ɗaya gaɓar. Yana nan lokacin da ƙetarewar ta ƙi, aka koma aka zagaya ta tudu. Yana cikin ayarin motocin da wuta ta cinye a Abagana, tabon yana nan a bayansa har gobe. Ya ga manyan hafsoshin da daga baya suka zama janar-janar, waɗanda ake buga hotunansu a littattafai, ya san wanda ke cin abinci da yaransa da wanda ba a ganinsa sai ƙura ta lafa. Bai taɓa zagin ko ɗaya ba, bai kuma yi wa ko ɗaya kirari ba. Cikin su bakwai, biyu suka dawo, ɗayan ya daɗe da rasuwa.

Duk wannan yayana marigayi Lawali ya ɗauka a kasat uku, da ƴar radiyonsa, a gindin bedin ƙofar gidanmu. Biyu na farko labarin fagen fama ne. Na ukun kuwa daban yake, Baba da kansa ya ɗaura masa jan zare, ya ce wa Lawali: "Wanga na Rabi ne. Kada a taɓa shi sai na kau."

Na biyu, ko wace ce Rabi.

Iya Rabi maƙwabciyarmu ce ta asali, yanzu tana zaune a wani ƙauye gabas da mu. Ƙanwar Idi ce, ɗaya daga cikin biyar ɗin da ba su dawo ba. Sauran huɗun, Baba ya je gidajensu tun shekarar da ya dawo, ya faɗi inda kowa ya kwanta, aka yi zaman makoki, aka yi sadaka, aka haƙura. Idi kaɗai ne bai ce komai a kansa ba. Duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya ce: "Mun rabu bisa hanya." Uwar Idi ta mutu da wannan amsar. Ba a yi masa zaman makoki ba, don babu wanda ya ce ya mutu. Abin da muka sani kawai, Baba ne ya ja Idi zuwa wurin ɗibar soja, Idi bai so ba. Ina jin nauyin da ya rufe masa baki ke nan shekara hamsin da ɗoriya, har ya gwammace ya faɗa wa na'ura abin da ya kasa faɗa wa Iya Rabi ido da ido.

Wataƙila ka ce, to a je a tambayi hukumar sojan can mana, ai suna da rajista. Ranka ya daɗe, da abin ya zo da sauƙi haka da ban dame ka ba. Samarin nan ƴan Nijar ne, sun ji tsoron kada a kore su, sai kowa ya ari takardar harajin wani ɗan'uwa na can, ya shiga soja da sunan mai takardar da sunan garinsa. Baba kansa ya yi yaƙin da sunan ɗan kawunsa. An taɓa kai saƙon mutuwar wani soja zuwa gidan da mai sunan na asali ke zaune yana shan fura, aka yi dariya aka ce gwamnati ta ruɗe, alhali gawar ɗan Gangara ce. Idi kuwa ba shi da dangi a can, Baba ne ya samo masa takarda wurin wani abokin cin rani. Da wane suna ya shiga? Duk duniya mutum ɗaya ya sani. Ka ga ko na je gaban rajistar, ban san wa zan ce a duba mini ba.

Na uku, yadda kasat ɗin suka bar hannuna.

Damina huɗu ke nan, bayan Sallah Babba, ma'aikacinku mai shirin tarihi ya zo Gangara bisa babur, da jaka da abin ɗaukar magana. Ya ji labarin Baba a kasuwa. A lokacin Baba yana Gazawa wurin likita, Lawali kuma ya riga ya rasu, kasat ɗin na cikin akwatina. Mutumin yana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba, ya durƙusa ya gaida tsofaffi, ya sha ruwanmu. Ya ce kasat abu ne mai lalacewa, zafi na cinye shi, in ba shi ya juye mana cikin ordinata, wato kwamfuta, ya dawo da su kafin sati biyu. Na ce na ukun ba na watsawa ba ne. Ya ce: "Madam, ko ni ba ni saurare, juyewa kawai za a yi." Ni da nake taƙamar na yi lakol, na ga hikimar maganar, na miƙa masa duka ukun. Ko ƴar takardar shaida ban karɓa ba, ni da ba na ba yaro alli sai na rubuta sunansa.

Kun watsa na farko da na biyu. Mun saurara, gari ya taru, Baba ya yi ta murmushi yana gyara wa kansa magana. Har mutane suka riƙa bugo muku waya suna yabo. Bayan shirin Baba ya tambaye ni na ukun, na ce yana akwati. Ƙarya na yi wa mahaifina, ina jiran sati biyu su cika.

Na huɗu, zirga-zirgata.

Sau biyar na hau motar haya daga Gazawa zuwa Maradi saboda wannan magana, duk a hutun lakol. Zuwan farko aka ce mai shirin ya fita aiki. Na biyu aka ce ya bar gidan, ya koma Yamai, lambar wayarsa kuma ta daina shiga. Na tambayi juyin da aka yi cikin ordinata, aka ce wannan ordinatan ya mutu, an kai gyara bai dawo ba. Na uku na tarar kun tashi daga tsohon buro zuwa sabo mai bene, Allah ya sanya alheri, sakatarenka ya ce kayan tsohon buro duk suna cikin sito. Zuwa na huɗu ne ya ji tausayina ya buɗe mini ƙofar siton na leƙa: kwalaye ne jibge, cike da kasat, wasu babu rubutu, wasu ɗigon ruwan rufi ya jiƙa su, gara ta fara gini a jikin na ƙasa. Na ce a bar ni in duba mai jan zare. Ya ce zaren ai tuni ya iya faɗuwa, sai dai a saurara ɗaya bayan ɗaya, kuma duk gidan babu na'urar da ke kunna kasat yanzu. Gidan radiyo guda! Na ce ina da radiyon Lawali, zan zo da ita da batirina, in zauna a ƙasa in saurara ko kwana nawa ne. Ya ce sai da izinin Darakta. Zuwa na biyar na yini a bencin ƙofarka tun hantsi har la'asar, aka ce kana taro, daga baya na hango motarka tana fita ta ƙofar baya.

Ban ce da gangan ka guje ni ba. Na fi zaton ba ka ma san da ni ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Na biyar, abin da ya sa maganar ta wuce haƙuri.

Bara da kaka hawan jini ya buge Baba a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi. Yana ji, yana gane mutane, yana cin abinci idan an ba shi, amma kalma ɗaya ba ta fita. Bai yi lakol ba, bai iya rubutun ajami ba. Abin da ya sani game da Idi yana nan cikin kansa, ina kallonsa kullum, ba ni da hanyar isa gare shi. Likita ya ce kada mu sa rai.

A ruɗewar wannan lokacin na sake yin wauta, na faɗa wa Iya Rabi cewa akwai kasat da aka ajiye mata. Tun ranar, duk ranar kasuwar Gangara sai ta hau amalanken jaki ta zo, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ba ta saye ba ta sayarwa. Ta tsaya bakin zaure ta ce: "Ɗiyata, an samo?" In ce tukuna, Iya. Ta ce: "To, Allah shi kai mu wata kasuwa." Ko sau ɗaya ba ta ɗaga mini murya ba. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Kasuwar da ta wuce ba ta tsaya a zaure ba, ta shiga har ɗakin Baba ta zauna kusa da shimfiɗarsa. Ta ce in riƙa kiran sunayen garuruwan da aka yi yaƙin, in an zo inda Idi yake ya matsa mata hannu. Na fara: Asaba. Ya matsa. Ta ɗago kai, na ga fuskarta ta canza. Don in tabbatar na ce Anacha, ya sake matsawa. Abagana, ya matsa, hawaye na bin kuncinsa. Duk garin da na kira sai ya matsa, don babu inda bai bar wani ba. Iya Rabi ta zare hannunta a hankali, ta gyara masa mayafi, ta ce: "Bari, Sani, kada ka wahal da kanka." Ta fita. Ni ce na kasa tashi.

Ba zan ɗora muku laifin duka ba. Ni na ci amanar mahaifina, ni na miƙa abin da aka ce kada a taɓa. Kuma shekara nawa ina koya wa yara yaƙe-yaƙen ƙasashen da ban taɓa gani ba, da sunayen janar-janar ɗinsu, ina dukan tebur idan sun manta, ga wanda ya yi yaƙi da jikinsa a gidanmu yana cewa, "Madam, zamna ki ji," ni kuwa ina ce masa ina da takardun gyarawa. Wannan nawa ne, zan je da shi gaban Allah. Amma ƙofar siton nan ba a hannuna take ba, a hannunka take.

Ba ni da lauya, ba ni da wani babba a Maradi, ba ni da shaidar da zan kai gaban jandarma. Ko da ina da ita, ba hukunci nake nema ba. Roƙo nake yi:

Ka sa hannu a ba ni izinin shiga siton, ni da radiyona, kafin ruwan bana ya sauka. Ba zan ɗauki kasat ɗin kowa ba, a sa mai gadi ya tsaya a kaina.

Idan akwai wanda ya san inda tsohon ma'aikacinku yake a Yamai, a isar masa cewa ba rigima nake nema ba. In ya saɓa alkawari ya saurari kasat ɗin, na yafe masa, har godiya zan yi, ya faɗa mini abin da ya ji.

In kuwa ka san an zubar da su, ko an ƙone, ka dubi girman Allah ka faɗa mini gaskiya a layi ɗaya, in samu abin da zan ce wa tsohuwar nan ta daina hawa amalanke.

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama da iyayenka lafiya, kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya kan mahaifinka kana neman kalma ɗaya ka rasa. Allah ya ba Baba sauƙi, ya jiƙan Lawali da samarin Gangara huɗu da aka san makwancinsu. Idi kuwa, na daɗe riƙe da alƙalami a nan. Ban sani ba ko in rubuta Allah ya jiƙansa, ko in rubuta Allah ya maido shi gida. Ƙanwarsa ma ba ta sani ba, kuma jibi kasuwa ce.

Wassalam.

Mariyama ƴar Sani Soja,
Gangara.