Rumfar bakin famfo da littafin da ba mu ƙarasa ba

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan an yi girbi lafiya. Ni 'yar kwaleji ce, ko a aji sai mushe, malaminmu, ya kira sunana sau biyu kafin in ɗaga kai. Ba don ƙawata Rabi ba, da ban iya rubuta maka ba.

Na ɗaya. Rumfar kwanon da meri, wato ofishinku, ta gina a bakin famfon unguwarmu, ita kaɗai ce inda ake barin budurwa ta zauna a waje. Da la'asar muna jiran layi, nakan karanta wa 'yan matan da ba su yi lakwal ba, wato boko, littattafan soyayya da yayana ke sayo min a kasuwar Magariya. Iyayenmu mata na gefe suna ɓarar gyaɗa, wai ba saurare suke ba, amma in saurayin labarin ya yi ƙarya su ke fara tsaki. A nan ake jin wa ke ciwo, gidan wa ba a ɗora tukunya ba.

Na biyu. Bara bayan damina ma'aikatanku suka ba 'yan kabu-kabu da masu sayar da esansi, wato fetur, a kwalba rumfar. Ba a tambayi mace ko ɗaya ba. Ban ga laifinsu ba, abinci suke nema. Amma wace yarinya za ta zauna cikin maza? Yanzu mu ɗebi ruwa ido a ƙasa, kowa ta yi gida.

Na uku. Rabi ba ta iya karatu ba, amma ta fi kowa riƙe labari. Hatsinsu ya ƙare, ba wanda ya sani. Gwaggonta ta tafi da ita yin bara Aljeriya ta hanyar hamada, sai bayan sun yi nisa muka ji. Da muna rumfa, wallahi da na gani a fuskarta, da mata sun haɗa musu ko tiya-tiya, da tsofaffi sun yi wa innarta magana. Har yau babu labarinta. Yanzu kuma ana raɗe-raɗin ƙanwarta Hassana ce za ta bi, ni kuwa ba ni da inda zan gan ta.

Roƙona, ranka ya daɗe, a sama wa 'yan kabu-kabu wuri a bakin titin Dungas, a maido mana rumfarmu kafin a ɗauki Hassana. In za a sake taɓa wurin mata, a tambaye su.

Littafin da muke karantawa yana ƙarƙashin matashina. Tsinken tsintsiyar da Rabi ta sa a inda muka tsaya yana nan. Na kasa wuce shafin ni kaɗai.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare maka naka 'ya'yan.

Wassalam.

'Yarka,
Zuwaira