Kujerar Indo

Abu Na'ama,
9 ga Agusta, 1972.

Zuwa ga Gwaggona Asabe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da Baba, da Iya, da duk mutanen gidanmu na Mai Wurno. Yaya ƙafar taki da sanyin damina? Ma'u, ke da za ki karanta mata, ki bi a hankali, ban da haɗiye kalmomi kamar mai cin kisira da zafi.

Na sauka lafiya. Kwalejinmu ta rarraba mu makarantu wata biyu don gwajin aiki, ni aka kawo ni makarantar 'yan mata ta nan tare da malamata, Ustaza Nafisa. Kullum kina tambayata wane irin karatu ne wannan, shi ba likita ba, shi ba alƙali ba. Ilmin nafs ake ce masa, wato sanin halin yaro, me ya sa wannan ke ɗaukar karatu wancan ya kasa. Kin ce duk tsohuwar da ta yi goyo ta san wannan ba da takardar shahada ba. To, ni dai sai da shahada.

Aji ɗaya ya cika ya batse, yara sittin da uku ga kujera hamsin. Shugabar makaranta ta ce ƙarshen Satumba za a sallami waɗanda ba su da alamar ɗauka, kuma takardar da muka rubuta a kan kowace yarinya ita za a bi. Akwai wata Indo, 'yar mutanenmu Hausawa, shekararta bakwai. Tun da aka buɗe makaranta ba wanda ya ji muryarta. In an yi mata tambaya sai ta sunkuyar da kai har a gaji a wuce.

Jiya muka je gidansu, ni ce tafinta, don Ustaza ba ta jin Hausa. Uwar yarinya ce ƙarama, sunanta Dije, muka same ta tana tsintar dawa. Ustaza ta tambayi sunan 'yar da shekarunta, sai Dije ta kau da kai ta ce a tambayi kakarta. Indo ta zo ta durƙusa kusa da ita, ko kallo ba ta ishe ta ba. Ustaza ta tambaye ni ma'anar wannan, na ce mata abin da ta gani shi ke nan. Da hannuna na rubuta cewa uwa ba ta kula, gida ba zai taimaka ba, a ba wata kujerar.

Na san za ki ce ai 'yar fari ce, kunya ce. Na sani. Amma littafinmu ya ce yaron da uwarsa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa, zuciyarsa rufewa take yi. Kuma ni da nake 'yar fari, ba a littafi kaɗai na karanta wannan ba. Ba sai na ƙara ba.

Ki gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Sakinatu.

Abu Na'ama,
2 ga Satumba, 1972.

Zuwa ga Gwaggona Asabe,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fata ruwan bana bai taɓa katangar baya ba, kuma Baba ya gama noman biyu lafiya. Ni lafiyar jiki ƙalau, zuciya ce dai ba daidai ba.

Gwaggo, na yi ɓarna. Tsakanin unguwar su Indo da makaranta akwai wata ƙorama da ke kawo ruwa in an yi sama, yara kan tsallake ta a kan duwatsu. Ɗakina yana kallonta. Ranar Asabar ina shan shayin safe na hango Indo tafe da allonta, can bayanta da nisa kuma ga wata mata da igiyar itace a kafaɗa. Dije ce. Ta tsaya gindin wata bagaruwa tana ta karya ƙirare, idonta kuwa na kan duwatsun nan. Sai da yarinyar ta haye ta shiga ƙofar makaranta, sannan ta juya gida, igiyarta ba ko sanda ɗaya.

Na ce ƙila dacewa ce. Kwana shida ina dubawa, kwana shida haka. Ranar da ruwa ya kawo sosai kuwa, har gwiwa ta shiga ta tsaya daga ƙasa, wai tana wanke ƙafa, daidai inda ruwan zai kawo yarinya in ta zame. Indo ba ta taɓa waiwayowa ba. Ina jin ba ta ma sani ba.

Sai na kira Indo bayan an tashi, na ajiye Larabci gefe, na zauna a ƙasa daidai ita, na fara mata tatsuniyar Gizo da kura, na ɓata tsakiyar da gangan. Wallahi ba ta iya daurewa ba. Ta gyara mini, ta ƙarasa ta har ƙurunƙus, ta kuma ƙirga mini awakin unguwarsu gida-gida ba kuskure. Ashe Larabcin ne bai zauna mata ba tukuna, ga kuma tarbiyyar gida ta kada yaro ya ɗaga ido gaban babba.

Takardata tana cikin akwatin shugaba, saura mako huɗu. Ustaza baƙuwa ce ga al'adarmu, ba ta da laifi. Ni na sani na yi shiru, saboda haushin da ba na Dije ba ne na sauke a kanta. In na faɗi gaskiya, Ustaza na iya kayar da ni in maimaita shekara. In na yi shiru, Indo ta bar karatu ke nan. Ina jin tsoro, amma gobe zan faɗa.

Tambaya ɗaya gare ki, kuma don Allah kada ki rufe ni. Ranar da na fara tafiya karatu Omdurman, duk gida kun raka ni wurin lori, ban da Iya. Aka ce ta tafi wanki gulbi. Shekara uku ina riƙe da wannan. Da lorin ya bi ta bakin gulbi na hango ta a duƙe kan ƙwaryar wankinta, ba ta ɗago ba. Mene ne a cikin ƙwaryar nan tata?

Allah ya bar mini ke.

'Yarki,
Sakinatu.

Abu Na'ama,
28 ga Satumba, 1972.

Zuwa ga Gwaggona Asabe,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso ta hannun Malam Alhasan, da ƙullin daddawa. Na gode, Allah ya saka. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi.

Ustaza ta yi fushi, kuma tana da gaskiya. Ta ce tafintan da ya ɓoye abin da ya sani ya fi jahili ɓarna. Ba ta yarda da maganata haka nan ba, sai da ta tashi da sassafe ta zauna a tagar ɗakina ta gani da idonta. Ta rage mini maki da yawa, amma ba ta kayar da ni ba. Ta sa na sake gwada duk 'yan mutanenmu da Hausa, huɗu suka tsira tare da Indo. An sallami sauran, kuma wannan bai yi mini daɗi ba. Indo dai tana kan kujerarta, shekaranjiya har ta ɗaga hannu a aji. Na je na faɗa wa kakarta da ƙarfi a tsakar gida. Dije tana daka, ba ta juyo ba, taɓaryar ce kawai ta tsaya kaɗan sannan ta ci gaba.

Na karanta amsarki sau uku. Kin ce zane ɗaya ne rak a ƙwaryar, wanda aka goya ni da shi, kuma a bushe ta komo da shi. Kin kuma ce duk ranar da takardata ta iso, sai Iya ta ɗauko tankaɗe ta zauna bayan zana, ko da akwai gari a gida. Na yi kuka, Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba. Shekara uku ina karatun halin yara, ban karanci matar da ke ɗaki ɗaya da ni ba.

Ba zan sa ta abin da bakinta ba zai iya ba, ni ma ba zan ba ta kunya in aika mata da takarda ba. Ina nan tafe hutun Oktoba in Allah ya so. Ki gaida Baba da duk gida.

Ma'u, in kin zo nan ki ɗaga murya yadda za a ji har bayan zana: ina lafiya, ina cin abinci, na kuma haye lafiya.

'Yarku,
Sakinatu.