Hotunan da Auta Za Ta Nuna

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya ciwon idon nan? Mu lafiya lau, sai ƙafar babanki da ke tashi jefi-jefi.

Maganar da kika yi min ranar da kika zo ta hana ni sukuni. Na fahimci aikinki daidai gwargwado. Ruwan jeli mai kauri yana bin siririyar hanya cikin ɗan gilashi, ruwan mai yana yanka shi ɗigo-ɗigo, hasken fitila ya daskarar da shi. Farfesanku yana son ƙwayoyin su fito dogaye kamar shinkafa, don in an zuba su a rauni su bar sararin da nama zai tsiro. Naki kuma yawanci suna dunƙulewa kamar ƙwan kifi kafin su daskare. Wannan ba laifi ba ne.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne da kika ce, har kina dariya, ranar taron gabatar da bincikenki hotunan dogayen kawai za ki nuna, wai kowa haka yake yi. Ni ba kowa na haifa ba. Wanda za a zuba wa abin nan a ciwo shi ma ɗan wata ne.

Ki amsa min.
Mahaifiyarki

Auta,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya.

Shirun da kika yi ne ya sa na je wurin aikinku. Mai gadi ya tsayar da ni a ƙofar gilashi. Na hango ki cikin farar riga, kin duƙa kan na'ura, sirinji na tura ruwa a hankali ta siraran robobi. Kin rame. Kin gan ni sarai, kika juya baya.

Yayanki ya ce zan kashe miki rayuwa. Wai in dogayen ba su fito ba, Farfesa ba zai sa hannu ki gama bana ba, kamfanin da ke jiranki kuma zai ɗauki wani. Na ji, na kuma gane. Ba zan je wurin Farfesa ba, ni ba 'yar gulma ba ce. Amma in da waɗannan hotunan kika samo digirin, kada ki shigo min da shi gida.

Allah ya shirye ki.
Mahaifiyarki

Autata,

Ina miki sallama, ina fatan jikinki lafiya.

Yayanki ya gaya min a taron duka hotunan kika nuna, dogaye da dunƙulallu. Farfesa ya ce ki sake gilashin, ki matso da fitilar inda hanyar ta fi matsewa, gamawa sai baɗi. Aikin kamfani ya wuce ki. Kika ce a faɗa min na samu abin da nake so.

Ba shi nake so ba, Auta. A kicin na zauna na yi kuka, babanki yana ta ƙwanƙwasa ƙofa. Amma ko yau aka sake, abin da na faɗa shi zan faɗa.

Ki yi fushinki, ban hana ki ba. Sai dai ki riƙa cin abinci. Ranar hutu ki zo gida. Ko ba za ki yi min magana ba, ki zauna in gan ki.

Babanki yana gaishe ki.
Taki har kullum,
Mahaifiyarki