Hannun da Ba Ki Duba Ba

Hye-rim,

Na tafi gidan Gwaggonki Bok-sun haɗa kimchi, kabejin nan mai yaji da muke jiƙawa, ban tashe ki ba. Miya na kan murhu, ki ɗumama.

Ki yi haƙuri da ɗaga muryar da na yi jiya a wurin aikinki, amma ki ji nawa. Da wuƙa ta yanke ni a hannu, asibiti biyu na wuce na zo naku, don 'yata ce likitar gaggawa. Na faɗa wa nas sunanki, ta ce, "Kaka, nan ba a zaɓen likita, wanda ya fi jin jiki shi ne gaba." Na ce, "Ni na haife ta fa." Ta ce, "Mun gode, zauna."

Awa uku ina zaune. Sai ga ki a guje gefen gadon wata tsohuwa, kin riƙe hannunta kina cewa, "Mama, dube ni." Na san haka kuke kiran kowace tsohuwa, amma rabonki da riƙe nawa tun kina firamare. Wani can daban ya ɗinke ni.

An ce yau a sauya bandeji. Ƙarfe biyar zan dawo, ke za ki yi. Na ji tsohuwar ta farfaɗo, na yi murna har raina. To, 'ya'yanta su zo su karɓi abarsu.

Mamanki ta gaske