Macijin Ya Mutu, Sabariah

Taiping, ranar Lahadi bayan la'asar

Yaya Kamarul,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce mai tarin yawa daga ƙanwarka mai surutu, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Yaya Zaleha da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan, kada sanyin Kanada ya ƙarasa abin da tsufa ya fara. Mu nan sai godiya. Ruwa dai ka san garinmu, kullum da yamma sai ya leƙo, yanzu ma da nake rubutu yana ta dukan kwanon rufi. Bishiyar rambutan ta bayan gida ta yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa, birai sun ci rabonsu sun haɗa da na maƙwabta. Mijina Mokhtar tun da ya yi ritaya ya ɗora wa kansa gyaran duk abin da bai lalace ba. Babanmu Abah kuwa jikinsa da ƙarfi, yana cin abincinsa, yana sallarsa a zaune, sai dai mantuwar nan da ka sani, kullum gaba take yi.

Na ga saƙonka a waya. Ka ce ka kalli bidiyon da Mokhtar ya tura maka har ka gaji, ba ka yarda ni ce ke buga golf sumul haka ba, kana tambaya ko wata na ɗauko haya na yafa mata mayafina. Ka kuma ce ka samu wani mai koyarwa a can da zai sauya maka bugu gaba ɗaya saboda bayanka. Wannan maganar ta biyu ce ta sa na ajiye waya na ɗauki biro. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka koma wajen mutumin nan.

Ka tuna safiyar Asabar ɗinmu? Abah a gaba da tsofaffin sandunansa na golf da ya saya hannun wani Bature mai barin gonar roba, mu biyu a bayan motar nan tasa mai tari. Kafin a shiga fili sai an tsaya rumfar shayin Mamu Kader, kuma ba yunwa kaɗai ke tsayar da mu ba, a wurin Abah can ce makaranta. Zai ce mu zuba ido a hannun Mamu yana haɗa teh tarik, shayin nan da ake ja: ya ɗaga gwangwanin sama a hankali, ya ɗan dakata, sannan ya saki shayin ya zubo dogo kamar igiya cikin ɗaya gwangwanin, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Abah ya ce bugu ke nan, ba a tura shayi, sakinsa ake yi. Ka ce "teh" kana ɗaga sanda, ka ɗan dakata, ka ce "tarik" kana sauke ta. Kai rana ɗaya ka ɗauke abin, har tsofaffin kulob na barin hirarsu su kalle ka. Ni kuwa kafin in gama cewa "teh" na riga na kai ƙasa. In maka sanda, ciyawa ta tashi, ƙwallo na zaune tana kallona, in sake makawa, in sake. Sai ka ji Abah daga nesa ya haɗa hannu a baki: "Sabariah, macijin ya mutu, ƙyale shi haka." Kowa ya kwashe da dariya, har Mamu Kader ya riƙa tambayata macizai nawa na kashe yau. Na tsani maganar nan kamar me. Sai in koma mota in yi ta kuka, kai kuma kana cinye mini gurasata ta roti. Da na fara aikin koyarwa na yi aure, na jingine sanda ban ƙara waiwayarta ba.

Akwai abin da ban faɗa maka a waya ba, don kada in ɗaga maka hankali. Tun bayan ƙaramar Sallar bara Abah bai ƙara kiran sunana ba. Ni ke ba shi magani, ni ke yanke masa farce, ni ke dama masa kunun shinkafa, amma godiyar baƙo yake yi mini, yana ce mini Malama. Da yamma sai ya tambaye ni ko gidanmu da nisa, in tafi kada ruwa ya tare ni. Kai kuwa kullum sai ya tambaya ko Kamarul ya taso daga makaranta. Ba zan ɓoye maka ba, abin yana ci mini rai. Ina so in ce ba kishi nake da kai ba, amma dai akwai ɗan kishin.

Likita ya ce mu riƙa kai shi wuraren da ya saba, sai na fara kai shi kulob ranar Asabar. Filin yana nan yadda ka bar shi, da manyan itatuwan nan, da tafkin kusa da ramin ƙarshe na wasan, guza na shan hantsi a bakinsa. Nakan zaunar da Abah a baranda kusa da tsohon abokinsa Kawu Teoh, wanda ya haura tamanin amma har gobe yana zagaya fili yana zagin ƙwallo da Sinanci. A nan na ga abin mamaki. Mutum zai zo ya gaishe shi hannu da hannu, Abah bai gane shi ba. Amma bari mutumin ya yi nisa ya ɗaga sanda, sai ka ji Abah ya ce wancan ai Rajoo ne, har yanzu yana ɗaga kai kafin ƙwallo ta tashi. Kawu Teoh ya ce mini babanki fuska ya manta, bai manta bugu ba. A ranar na ƙudurta a raina zan koyi bugun da ya sha wahalar koya mini, ko Allah zai sa ya gani ya san 'yarsa ce.

Yaya, na ga ta kaina. Mace mai jikoki, guiwa na ƙara, ga ni a fili da sassafe ina "teh" ina "tarik" kamar mai tallar shayi. Kawu Teoh ne malamina, kuma ba ya da sassauci. Ya ce ina riƙe sanda kamar za a ƙwace mini ita, in riƙe ta kamar ɗan tsako, kada ya gudu kada kuma ya mutu. Ya ce matsalata ina fushi da ƙwallo alhali ba ta yi mini komai ba. A gida na samo gwangwani biyu ina jan shayi a kicin, rabi a gwangwani rabi a ƙasa, Mokhtar na bina da tsumma yana cewa tururuwan unguwa sun gode, wai sun ce Allah ya ƙara mini rashin iyawa. Dakatawar nan ta sama ita ta fi ba ni wuya, ka san ni da gaggawa tun ina yarinya. Watanni na yi a haka. Sai wata safiya, ban ma shirya ba, sandar ta hau, ta tsaya, ta sauko da kanta, na ji wani ɗan sauti mai daɗi, ƙwallo ta miƙe ɗoɗar. Na tsaya baki buɗe. Ashe abin da kuke ji ke nan duk shekarun nan ba ku gaya mini ba.

Asabar ɗin da Mokhtar ya ɗauki bidiyon nan, na sa aka juyo da kujerar Abah saitin inda ake bugun farko. Na je na ajiye ƙwallo. Na yi bismilla na buga, kuma ka gani da idonka, ko kai sai haka. Abah ya tafa hannu, fuskarsa ta washe. Na nufo baranda har ina tuntuɓe, sai na ji yana tambayar Kawu Teoh: "'Yar gidan wa ce wannan? Wanda ya koya mata ya iya."

Ban san yadda na zagaye sauran ramukan ba, hawaye ne kawai ke zuba ina sharewa da bakin mayafi. Da na zo ramin ƙarshe, wanda ke dawowa gaban baranda, ƙwallona ta faɗa doguwar ciyawar bakin tafki. Raina a ɓace yake, na manta da shayi, na manta da ɗan tsako. Na damƙe sanda na maka, ciyawa ta tashi, ƙwallo ba ta motsa ba. Na sake makawa, na sake, har laka ta fantsamo mini a fuska. Sai na ji murya daga baranda, muryar nan da ta yi shekara ba ta ɗagu ba:

"Sabariah, macijin ya mutu, ƙyale shi haka."

Na juya na gan shi tsaye, shi da sai an kama shi yake tashi, ya haɗa hannu a baki yana dariya har yana tari. Na saki sandar a nan cikin ciyawa. Da na iso ya sa gefen hannun rigarsa ya goge mini lakar, ya ce ni dai ba na jin magana, ya ce a kawo wa 'yarsa shayi da roti, kuma a ɓoye rotin kada Kamarul ya cinye. Muka zauna muka sha tare. Ya tambaye ni makaranta, ya tambaya ko mahaifiyarmu Mak ta gama girki, na ce ta kusa. Kafin kofin ya huce ya koma ce mini Malama, amma na samu abin da na zo nema.

Yanzu bugu biyu gare ni. Ina wasana sumul tun daga ramin farko, Kawu Teoh na taƙama da ni. In na zo na ƙarshe sai in tura ƙwallo cikin ciyawar da gangan in hau sara. Kawu Teoh ya ce bai taɓa ganin ɗalibar da ke ɓata masa suna da niyya ba sai ni. Wata Asabar ɗin Abah ya kira ni, wata kuma ya yi shiru yana kallon itatuwa, kuma shirun ya fara yawa.

Don haka ga roƙona, Yaya. Kai ma shekarunka nawa rabonka da gida, ga furfura, ga tumbi, kada ka sa rai zai gane fuskarka. Yaro ɗan makaranta yake jira. Abin da ya rage maka a wurinsa bugun nan ne da ya koya maka a gaban rumfar Mamu Kader. Ka ce wa mai koyarwar nan ya dakata. In bayan na ciwo ka shafa magani, bugu ɗaya kawai nake so ka yi a gaban baranda, daga nan ka sauya duk abin da ka ga dama. Kuma kada ka ce sai babbar Sallah.

Ka gaishe mini da Yaya Zaleha, ka ce mata yajin da ta ce in aiko yana nan na ajiye, sai dai ta zo ta ɗauka da kanta. Ka gaida 'yarka Irdina da mijinta, da ɗanka Haziq, Allah ya ba shi sa'ar karatu. Mokhtar yana gaishe ka, Kawu Teoh ya ce in gaya maka har yanzu zai iya cinye ka da hannu ɗaya. Sandunan Abah na goge su, suna bayan ƙofar ɗakinka, ba sai ka ɗauko naka ba.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same shi yana kallo.

Taka ƙanwa,
Sabariah mai kashe maciji