Goggo Hajo da Gilashin Cikin Ido

Gumel, daren Laraba, daminar 1977

Yau na fara sa 'yan gilasan nan na cikin ido da likitan Kano ya yi min, masu kama da ɓawon kifi. Da ƙyar suka shiga, amma cikin ikon Allah rubutun allo da kullum nake gani a karkace ya miƙe. Sai dai hawaye kamar mai yankan albasa.

Da na taso daga koyarwa na biya gaida Goggo Hajo. Ina durƙusawa ta ƙura min ido.

"Ke Ladi, abu ya faɗa miki a ido. Matso."

"Goggo, ai likita ne ya sa..."

"Yi min shiru."

Ta danne kaina a cinyarta, ta sa harshe ta lashe gilashin idon dama tas kamar yadda take cire mana haki a ido muna yara, ta tofar cikin rairayi. Har magariba ina rarrafe a tsakar gidanta ina nemansa. Ban gan shi ba, kaji dai na gani suna tsince-tsince a wurin.

Tun bazara nake jiran abin nan. Ɗayan na cire, na jiƙa a ruwansa, na tura ƙarƙashin gado, don Goggo ta aiko wai in zo da sassafe, ta hango wani a idon hagu.